Umaru Ganda: Ɗan dakon Abijan da ya fara lashe babbar kyautar fim ta Afirka

A ranar 1 ga watan Janairun 1981 ne Allah Ya yi wa Umaru Ganda rasuwa a birnin Yamai, yana da kimanin shekara 45 a duniya. Yawancin matasan Nijar na yanzu sun san sunan ne a jikin ginin cibiyar raya al'adu ta babban birnin ƙasar, wadda ake kira CCOG. A Kano da Kaduna kuwa, ko a cikin masu sana'ar fim ba kowa ne ya taɓa jin labarinsa ba. Alhali wannan bawan Allah, wanda a takardun Faransanci ake rubuta sunansa Oumarou Ganda, shi ne mutum na farko da ya lashe babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na FESPACO. Tun kafin nan ma, fitowar da ya yi a wani fim a ƙarshen shekarun 1950 ta sa masu shirya fim a Faransa sun sake tunani kan yadda ɗan wasa zai tsaya a gaban kyamara.

Ganda bai shiga makarantar koyon wasan kwaikwayo ba. Tsohon soja ne, ɗan ci-rani, mai saɓa buhu a tashar jiragen ruwa. Jarin da ya zo da shi gaban kyamara shi ne rayuwar da ya sani ciki da bai, da kuma bakin da yake hira da shi kullum. Tarihinsa ya nuna yadda wannan jari ke sa mai kallo ya manta cewa wasa ake yi, ya kuma nuna inda jarin ke ƙarewa.

Daga Yamai zuwa fagen yaƙi

An haifi Umaru Ganda a Yamai a shekarar 1935, kuma Bazabarme ne. A nan ya yi karatun firamare, lokacin Nijar na ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa. A farkon shekarun 1950, tun bai cika shekara 18 ba, ya shiga sojan Faransa, aka tura shi yankin Indocina, inda ƙasashen Biyetnam da Laos da Kambodiya suke a yau. Tun 1946 Faransa ke gwabza yaƙi a can da mayaƙan Ho Chi Minh masu neman 'yanci, kuma ta kwashi samarin Afirka da yawa ta kai su. Ganda ya yi kusan shekara biyu a wannan fage. Yaƙin ya ƙare a 1954 bayan kashin da Faransa ta sha a Dien Bien Phu.

Da ya dawo gida, sai ya tarar babu aikin yi. Ya yi wa Faransa yaƙi a wata duniya, amma a garinsu ba abin da ke jiran sa. Sai ya bi sahun dubban samarin Nijar na wancan zamani da ke gangarawa bakin teku neman kuɗi. Irin tafiyar ce da har gobe samarin Cadakori da Gidan Rumji da Gazawa ke yi idan an gama girbi, wasu su nufi Kano da Legas, wasu Abijan, wasu kuma su yi arewa zuwa Aljeriya da Libiya.

Abijan ta ƙasar Kodebuwa a lokacin tana kan ganiyar bunƙasa, domin an haƙa mashigin ruwa na Vridi an buɗe babbar tashar jiragen ruwa a farkon shekarun 1950. Ana buƙatar masu ƙarfi da za su loda koko da kofi da katako. Ganda ya sauka a unguwar Treichville, matattarar baƙi da leburori, ya zama ɗan dako mai aikin yini, wanda yau a ɗauke shi, gobe a ce babu.

Haɗuwa da Jean Rouch

A nan ne ya haɗu da Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniyan gina hanyoyi, daga baya ya koma nazarin al'adu da ɗaukar fim. Rouch yana bincike ne kan 'yan Nijar da ke zuwa ci-rani bakin teku, sai ya ɗauki Ganda cikin masu taya shi tattara bayanai. Daga wannan aiki aka tsallaka zuwa fim. A 1957 suka fara ɗaukar wanda ya fito a 1958 da suna Moi, un Noir, ma'ana Ni, Baƙar Fata.

Fim ɗin yana bin rayuwar wasu samari 'yan Nijar a Treichville, daga ranakun aiki zuwa Asabar da Lahadi, har wayewar garin Litinin. Kowannensu ya fito da laƙabin da ya aro daga fina-finan da suke kallo a silima. Ganda shi ne Edward G. Robinson, sunan wani ɗan wasan Amurka da ya shahara da fitowa a ɗan daba. Abokinsa Petit Touré shi ne Eddie Constantine. Akwai direban tasi mai suna Tarzan, da wata budurwa da ake kira Dorothy Lamour. Wanda ya san yadda samarin yau ke laƙaba wa kansu sunayen 'yan ƙwallo da jaruman Indiya ba zai yi mamakin wannan ba.

Yadda aka yi fim babu rubutaccen labari

Babu wata takarda da aka ba Ganda ya haddace. Rouch yana aiki ne da ƙaramar kyamara mai faifan milimita 16, irin wadda ake wana ta da hannu, ba ta wuce daƙiƙa 20 da 'yan kai tana ɗauka sai ta tsaya a sake wanawa. Ba ta ɗaukar sauti. Saboda haka aka raba aikin gida biyu. Da farko Rouch ya riƙa bin samarin yana ɗaukar hotonsu a wurin aiki da bakin teku da gidan rawa da kan titi, suna yin abin da suka saba, wani lokaci kuma su ƙirƙiri abin da za su yi tare da shi. Daga baya aka haska wa Ganda hotunan, aka sa masa makirfo a gaba, ya riƙa magana a kansu yadda ta zo masa.

Wannan ƙarancin kayan aiki ya zame wa Ganda gata. Lokacin ɗaukar hoto babu kalmar da yake tsoron mantawa, don haka jikinsa a sake yake. Yana tafiya irin tafiyar wanda ya gaji da gaske, yana saɓa buhu irin saɓawar wanda kafaɗarsa ta san nauyinsa. Lokacin ɗora murya kuma babu ruwansa da inda zai ajiye hannu ko yadda fuskarsa za ta fito, don haka harshensa ya sake. Yana magana da Faransancin titin Treichville, yana yi wa kansa ba'a, yana tsokanar 'yan matan da suka gifta a hoton, yana ƙorafi kan masu motoci da ke wucewa shi kuwa yana taka sayyada. Wani wuri ya yi wa mai kallo bayani, wani wuri ya shiga hira da abokinsa kamar a lokacin abin ke faruwa.

Abubuwa biyu da ke ɗaure sabon ɗan wasa har yau su ne tunanin kalmomin da aka ba shi da kuma sanin cewa ana kallon sa. Da zarar sun haɗu, sai murya ta koma ta mai karatu a aji, ido ya riƙa satar kallon darakta, hannu ya rasa wurin zama. Ganda ya tsira daga na farko saboda kalmomin nasa ne, ya tsira daga na biyu saboda koyaushe akwai abin da yake yi: ko yana aiki, ko yana cin abinci, ko yana sauraron wani.

Laƙabin da ya ara shi ma ya taimaka. A ƙarƙashin sunan Robinson ya iya faɗin abin da da wuya namiji ya faɗa da sunansa na yanka, cewa ba shi da gida, ba shi da mota, ba shi da kuɗin da zai riƙe macen da yake so. Ya kuma iya nuna mafarkinsa ba kunya. A wani wuri ya ga kansa a zoben damben zamani yana karawa da Hogan Kid Bassey, ɗan Najeriyar da ya zama zakaran duniya a ajin marasa nauyi a 1957, har ya doke shi. Sannan sai a dawo da shi cikin 'yan kallo, talaka kamar kowa.

Wurin da aka fi tunawa shi ne ƙarshen fim ɗin. Robinson yana tafiya a bakin ruwa tare da wani ƙaramin abokinsa, yana ba shi labarin yaƙin Indocina. Yana cikin tafiya sai ya faɗi ƙasa, ya yi rarrafe, ya kwaikwayi jefa gurneti da harbi, ya tashi ya ci gaba da tafiya yana lissafa abin da ya yi wa Faransa da yadda ya tashi a tutar babu. Babu kakin soja, babu bindiga, babu ƙarar harsashi, amma mai kallo yana ganin yaƙin a jikin mutumin da ya je ya dawo.

Fim ɗin ya lashe kyautar Louis Delluc ta 1958, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan fim a Faransa. Jean-Luc Godard, wanda a lokacin matashin mai sharhin fina-finai ne, ya yi rubuce-rubucen yabo a kansa a 1959, kuma masana na ganin tasirinsa a dogon fim ɗin Godard na farko, A bout de souffle, na 1960. Ɗaukar mutanen gari su yi wasa ba sabon abu ba ne a Turai. A 1948 Vittorio De Sica na Italiya ya ɗauki wani ma'aikacin masana'anta ya ba shi jagorancin fim ɗinsa na ɓarayin keke. Bambancin shi ne wancan an rubuta masa abin da zai faɗa, Ganda kuwa shi ya samar da nasa kalmomin.

Mai almakashi shi ne mai labari

Duk da wannan yabo, Ganda bai gamsu ɗari bisa ɗari ba. A wata hira da aka yi da shi daga baya ya nuna cewa yana ɗaukar kansa abokin shirya fim ɗin, domin kullum tare suke tsara abin da za a yi, amma da aka zo tacewa Rouch ne ya zaɓi abin da zai shiga da abin da za a yar, kuma abin da ya fito bai zama daidai da yadda shi ya hango ba. Sunan da duniya ta riƙe a matsayin mai fim ɗin na Rouch ne.

Ƙorafin nasa yana da tushe a tarihi. Tun 1934 akwai wata dokar Faransa, da ake kira dokar Laval, wadda ta hana ɗaukar fim a ƙasashen da take mulka a Afirka sai da izinin hukuma, kuma 'yan Afirka ba sa samun wannan izini. Shi ya sa a 1955 Paulin Vieyra da abokansa suka ɗauki fim ɗinsu Afrique sur Seine a birnin Paris. Baƙar fata na iya tsayawa a gaban kyamara, amma bayanta wurin Bature ne. Ousmane Sembene na Senegal, wanda shi ma tsohon sojan Faransa ne kuma tsohon ɗan dako a tashar Marseille, ya taɓa tuhumar Rouch gaba da gaba a 1965 da cewa masu nazarin Afirka irinsa suna kallon mutanenta kamar ƙwari.

Darasin da Ganda ya ɗauka shi ne, komai gaskiyar da ɗan wasa ya zuba a gaban kyamara, wanda ke riƙe da almakashi a ɗakin tacewa shi ke yanke ma'anarta. Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Sai ya ƙudiri koyon aikin bayan kyamara.

Komawa gida da Cabascabo

Ya koma Yamai, Nijar kuma ta samu 'yancin kai a ranar 3 ga Agustan 1960. A cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar akwai wata ƙungiyar masu sha'awar silima, inda ƙwararru ke koyar da ɗaukar hoto da sauti da ba da umarni. A nan ya zama mataimakin ma'aikacin fasaha, ya koyi sana'ar daga tushe. Zamani ne da harkar fim ke tasowa a Nijar: Moustapha Alassane ya fitar da Aouré a 1962, sannan a 1966 ya yi fim ɗin kaboyi mai suna Le Retour d'un aventurier.

Da ƙungiyar ta shirya gasar rubuta labarin fim, Ganda ya shigar da labarin da ya daɗe yana cin sa a rai. Shi ne ya zama Cabascabo, wanda aka kammala a 1968, fim mai tsawon kimanin minti 45, baƙi da fari, cikin harshen Zabarmanci. Shi ya rubuta, shi ya ba da umarni, shi ya fito a jarumi. Labarin wani soja ne da ya dawo daga Indocina da kuɗi a aljihu, 'yan uwa da abokai da maroƙa suka yi masa caa, ya yi ta facaka. Da kuɗin suka ƙare kowa ya watse. Ya nemi aiki ya sha wulaƙanci, a ƙarshe ya juya ya nufi ƙauye don ya koma noma. Duk ɗan ci-ranin da ya taɓa dawowa gida ana yi masa maraba saboda jakarsa zai gane wannan labari.

Idan aka ajiye Cabascabo kusa da Moi, un Noir, za a ga mutum ɗaya da tarihi ɗaya, amma wasan ya sauya. Robinson mai surutu ne, yana cika kowane hoto da magana. Cabascabo ya fi nutsuwa, yana barin shiru da kallo su yi aiki, kuma yana magana da harshen da ya tashi da shi. Yaƙin da a da ya kwaikwaya da hannu a bakin ruwa, yanzu ya shirya shi da sojoji da kaki a matsayin tunanin da ke dawo wa jarumin. Wannan ya nuna cewa sakin jikin da aka gani a Abijan ba dace ba ne kawai. Mutumin ya san abin da yake yi, har ya iya maimaita shi a cikin tsararren labari, ya kuma fitar da irinsa daga jikin wasu. An nuna fim ɗin a sashen masu sharhi na bikin Cannes a 1969, ya kuma samu lambar yabo a bikin fina-finai na Mosko a wannan shekara.

Alhaji, malami da alƙawari

Fim ɗinsa na biyu, Le Wazzou polygame, ya taɓo inda ke yi wa jama'a ƙaiƙayi. Wani mutum ne ya dawo daga Makka ana kiran sa Alhaji, yana da mata biyu, sai ya ƙyalla ido kan wata yarinya mai suna Satou wadda aka riga aka yi wa wani saurayi alƙawarinta. Kuɗi da girma suka yi aiki, aka ba shi. Kishi ya sa matarsa ta biyu ta yi niyyar kashe amarya, sai ta kashe wata daban bisa kuskure. Bikin FESPACO na Wagadugu ya fara ne a 1969, amma sai a 1972 aka soma ba da babbar kyautar Etalon de Yennenga, kuma wannan fim ne ya fara ɗaukar ta.

Daga nan sai Saitane, inda Ganda da kansa ya fito a wani malamin tsibbu da ke yi wa wani mai kuɗi kawalci wajen matar aure. Fim ɗinsa na ƙarshe, L'Exilé, ya fito a 1980. Ya gina shi ne kan wata tatsuniya game da nauyin alƙawari, wadda wani jakada da ke gudun hijira a Turai yake ba abokansa.

A waɗannan fina-finai bai dogara da 'yan wasan da suka fito daga makaranta ba. Ya yi aiki da mutanen Yamai irin su Damouré Zika, ma'aikacin lafiya da ya daɗe yana fitowa a fina-finan Rouch, da kuma Zalika Souley, wadda ake lissafa ta cikin matan farko da suka riƙi fim sana'a a Afirka ta kudu da Sahara. Ta fito a Cabascabo da Wazzou da Saitane da L'Exilé.

Labarin Zalika ya nuna tsadar da irin wannan wasa ke da ita. Sau da yawa tana fitowa ne a mace mai kishi ko marar kamun kai, kuma saboda ta iya, mutane da yawa suka kasa raba ta da matan da take kwaikwaya. Ta sha zagi da tsangwama a gari. Rahmatou Keïta ta tattara wannan tarihi a fim ɗinta Al'leessi na 2004. Zalika ta rasu a 2021. 'Yan matan Kannywood da na fina-finan da a Maraɗi da Damagaram ake kira dandalin soyayya sun san wannan matsala, domin har yau akwai mai kallon da ke hukunta ɗan wasa da laifin wanda ya fito a matsayinsa.

Abin da ya bari

Ganda ya rasu ba da daɗewa ba bayan fitowar L'Exilé, shekara tara kafin a yi Turmin Danya a Kano a 1990, fim ɗin da ake ɗauka mafarin masana'antar fina-finan Hausa ta bidiyo. Jean Rouch ya rayu bayansa har zuwa Fabrairun 2004, lokacin da ya mutu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni, aka binne shi a Yamai. A da cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar tana ɗauke da sunan Rouch, CCOG kuma tana ɗauke da na Ganda, duk a gari ɗaya.

Wayar da ke hannun saurayi a Cadakori ko a Sabon Garin Kano ta fi kyamarar da aka ɗauki Ganda da ita nesa ba kusa ba. Tana ɗaukar hoto da sauti tare, ba ta tsayawa bayan daƙiƙa 20, kuma a cikinta ake tacewa. Abin da ya ɗauki Ganda shekara goma kafin ya samu, wato ikon riƙe labarinsa daga ɗauka har tacewa, yanzu yana aljihun kowa. Sauran aikin yana nan yadda ya bar shi. Ɗan wasa ya san rayuwar wanda zai fito a matsayinsa, idan bai sani ba ya je ya zauna da masu ita. Darakta ya bar shi ya faɗi magana da irin Hausar da bakinsa ya saba, ta Maraɗi ce ko ta Sakkwato, maimakon a tilasta masa karin da ba nasa ba. A ba hannunsa aikin yi, ya kuma saurari abokin wasansa da gaske maimakon jiran lokacin da zai sako nasa layin.

Bayan rasuwarsa, FESPACO ta ware kyauta da sunansa, wadda ake ba daraktan da ya fi fice da dogon fim ɗinsa na farko. A 2001 ɗan Najeriya Newton Aduaka ya karɓe ta da fim ɗinsa Rage, kafin ya dawo a 2007 ya ɗauki Etalon de Yennenga da fim ɗin Ezra, kyautar da Umaru Ganda ya fara kai wa Yamai shekara 35 kafin nan.